A koya wa yaranmu adon harshe daga bakin gida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kai da ma'aikatanka kuna cikin ƙoshin lafiya, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Kafin in yi nisa ma, dubi layin nan da na rubuta. Jarida ba ta da jini, balle a ce fari ne. Damuwa ba ta da baki, balle ta ci tuwo. Amma daga nan Damagaram har Sakkwato babu mai karatu ɗaya da zai tsaya ya tambaye ni abin da nake nufi. To a kan wannan nake son magana, wato adon harshe, da yadda muke miƙa wa yaranmu shi a lakwal kamar kayan da aka sauke daga jirgi, alhali a tsakar gidansu aka yaye su da shi.

Ni tsohuwar malamar firamare ce. Na riƙe alli shekara 34, yawancinsu a nan cikin gari, kaɗan a ƙauyukan wajen Mirya. Yanzu ina zaune a gidana a Birni tare da jikoki uku. Babbarsu, wadda nake kira kishiyata kamar yadda kakanni suke yi, bana take ajin ƙarshe na kwaleji, tana shirin jarrabawar BEPC. Wani dare cikin bazarar nan, bayan isha'i, wuta ta ɗauke, muna kan tabarma a tsakar gida, ita kuma tana haska kayenta, wato littafinta na rubutu, da fitilar salula tana bita da ƙarfi: metafor, komparezon, iperbol, personifikasiyon, litot, efemism. Suna goma sha ɗaya mushensu, wato malaminsu, ya rubuta musu, kowane da ma'anarsa da Faransanci, kowane da misali ɗaya daga wani mawaƙin Faransa, wani a kan dusar ƙanƙara, wani a kan furen da ba ya tsirowa a ƙasarmu. Ta haddace su tsaf. Da na ce ta ba ni misalin metafor guda da Hausa, sai ta ɗago ta ce, "Kaka, ai wannan abin Faransanci ne, babu shi a Hausa."

Na yi shiru, don maganar ta soke ni. Can an jima ta gaji, ta ajiye kayen ta ce, "Wallahi darasin nan dutse ne, kaina har ya ƙone." Na ce ta maimaita. Ta maimaita. Na ce, to ina dutsen, ina kuma hayaƙin? A numfashi ɗaya ta yi biyu daga cikin sha ɗayan da take ta fama da su, ba ta sani ba.

A daren nan muka fara daga tushe. Na ce mata in kika ce darasin nan kamar dutse yake, kin yi kamance, don kin ajiye abu biyu gefe da gefe, kin ɗaure su da igiya. Igiyar ita ce ƴar kalmar nan: kamar, tamkar, sai ka ce, awa. Malaman Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato sun ma raba kamance gida uku. Akwai na daidaito, fari kamar auduga. Akwai na fifiko, ya fi zuma zaƙi. Akwai na kasawa, bai kai ƙurar ƙafarsa ba. In kuwa kika tsinke igiyar kika ce darasin dutse ne kai tsaye, kin yi siffantawa, ita ce metafor ɗin da kike nema. Bambancinsu ba na nahawu kaɗai ba ne. Mai kamance ya bar miki wurin musu, kina iya cewa ta ina suka yi kama. Mai siffantawa ya riga ya yanke hukunci, ya sa wa abin sabuwar riga, kuma rigar takan zauna.

Misalin da ya fi shiga kanta shi ne sunan da take ji tun tana goye. Sarkin Damagaram Amadu, wanda a zamaninsa aka kashe Kyaftin Kazamaju a garin nan a 1898, Faransawa kuma suka ci garin a 1899 bayan yaƙin Tirmini, duk yaron Zinder ya san shi da Kuran Daga. Na tambaye ta, kura ce shi? Ta ce a'a. Na ce to me makaɗa suka gani? Ta yi tunani ta ce, wanda in ya shiga fagen daga sai kowa ya watse, kamar kura ta faɗa garke. Na ce yauwa, ga ki kin warware siffantawa ta mayar da ita kamance da kanki. Sannan na ƙara mata wani abu da kaye ba zai faɗa mata ba. Kalmar nan ɗaya, in aka ce wa ɗan kasuwa kura ne, zagi ce, ana nufin mai haɗama da cin amana. A bakin makaɗin fada kuwa, da aka jingina ta da daga, ta zama yabo. Ma'anar siffantawa tana wurin da aka faɗe ta da mutumin da ya faɗe ta. Shi ya sa yaron da ya koyi abin da misalan wata ƙasa kaɗai yake iya cin jarrabawa, amma ya kasa fassara abin da aka faɗa a ƙofar gidansu.

Mutuntarwa ba ta ɗauke mu lokaci ba, don mutumin Zinder da ita yake kwana yake tashi. Ruwa ya zo. Ruwa ya tafi. Pampo ya ƙi. Wa ya ba ruwa ƙafa, wa ya ba pampo zuciyar ƙi? Mu da muka san layin bido da jiran ƴan ga-ruwa mun mayar da ruwa baƙo mai zuwa in ya ga dama. Yunwa ta kama ni, barci ya sace ni, zazzaɓi ya kayar da shi. Ƴan'uwan mutuntarwa biyu su ne dabbantarwa, in an ba mutum halin dabba, da abuntarwa, in an mayar da shi abu marar rai, kamar a ce wa uba bango ko inuwa.

Kambamawa kuwa, wadda kayenta ya kira iperbol, ai filin kokawa makarantarta ce. Ɗan kokawa ya shigo da layu da ƙaho, ya ɗaga hannu ya ce shi guguwa ce, in ya taka ƙasa a nan sai an ji a Agadas. Mahauta ma haka suke yi wa kansu ranar hawan ƙaho. Babu wanda yake cewa sun yi ƙarya, don mai faɗa da mai ji duk sun san ba auna magana ake da mudu ba, zuga ce. A nan nake son iyaye su buɗe kunne. Abin da ya raba kambamawa da ƙarya shi ne sanin mai sauraro. In na ce kasuwar Dole ta cika ba masaka tsinke, kin san akwai wurin tsinke, cikar nake nuna miki. Amma mai magani da ya kafa lasifika a kan mota yana cewa garinsa yana warkar da cuta 99, ko mai saƙon murya a WhatsApp da yake rantsuwa an kashe mutum dubu a wurin da aka yi ƴar hatsaniya, wannan yana son ki ɗauka a zahiri, ki fitar da kuɗi ko ki fito da sanda. Rigar kambamawa ya ara ya rufe ƙarya da ita. Yaron da aka koya wa yadda zuga take aiki ya fi wuyar ruɗuwa a hannun irin waɗannan.

A kokawar dai muka sami alamtarwa. A gasar ƙasa da aka fara a Tawa a 1975, abin da ake faɗa shi ne jiha kaza ta ɗauki takobi. Jiha ba ta da hannu, kuma ba ƙarfen ake yi wa guɗa ba. Takobi ya tsaya a madadin sarautar kokawa, kamar yadda rawani yake tsaya wa mulki, allo ya tsaya wa karatu. Fada ta ce a fito, alhali ginin fada bai yi magana ba. Magidanci ya ce baki goma yake ciyarwa, ya ambaci baki ya bar sauran jiki, don bakin ne yake cin hatsin.

Ni ba a makarantar horon malamai na fara jin an ba waɗannan abubuwa suna ba. A gidan aurena ne. Marigayi maigidana, Allah ya jiƙansa, yana ba da karatu a zaure bayan asuba, ni kuma ina jiyo su daga ciki ina hura wuta. Manyan ɗalibansa da suka wuce fiƙihu da nahawu sukan shiga balaga, mai rassa uku, ma'ani da bayani da badi'i. Littafin da suke bi shi ne Jauharul Maknun, na Shehu Abdurrahman Al'akhdari, shi dai malamin nan da kowane almajiri ya san ɗan littafinsa na tsarki da salla da muke kira Ahalari. A nan na ji kamance sunansa tashbihi, siffantawa isti'ara, kambamawa mubalaga. Abin da ya sa nake tuna karatun nan har yau shi ne Malam ba ya barin misalin Larabci ya wuce sai ya samo masa ɗan'uwa a Hausa. Da suka zo kan majazi, littattafan balaga suna kawo misalin sarki ya gina birni. Sai ya ce musu, ku leƙa waje, kowa yana cewa Sarki Tanimun ya gina ganuwar Birni, akwai wanda ya ga Tanimun da tubali a ka? Talakawa da bayi suka kwaɓa ƙasar, amma an jingina aikin ga wanda ya yi umarni. Da suka zo kan kinaya, Balarabe yana cewa wane mai yawan toka ne. Yawan toka yana nuna yawan girki, yawan girki yana nuna yawan baƙi, yawan baƙi yana nuna karamci. Malam ya ce mu kuma sai mu ce tukunyarsa ba ta sauka daga murhu. Marowaci mu ce hannun jarirai gare shi, don jariri a dunƙule yake riƙe hannunsa. Ɓarawo mu ce mai dogon hannu.

Ka ga ke nan, Malam Edita, yaron Damagaram ya gaji suna iri uku na abu ɗaya: na Larabci a zaure, na Hausa da malaman jami'a suka tsara, na Faransanci a lakwal. Na ƙarshen kaɗai yake isa kunnensa, shi ma ba tare da an nuna masa abin da ake sa wa sunan ba. Ban ga laifin mushen jikata ba. Abin da aka ba shi ya bayar, ni ma haka na yi shekaru. Mu da muka shiga lakwal a farkon shekarun 1960 mun san sambol, ɗan abin nan da ake rataya wa yaron da aka kama yana Hausa, ya yi ta farautar wani da zai miƙa wa kafin a tashi. An daina rataya shi tuni, amma maganar jikata ta nuna mini bai gama sauka daga wuyanmu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kayan da jerin sha ɗayan nan ba shi da gurbinsu sam. Bafaranshe ya ce ironi, ya tattara abubuwa da yawa ya zuba a buhu ɗaya. Mu a nan kowanne da sunansa, da wanda ya halatta ya yi shi, da wanda ake yi wa.

Gatse shi ne ka faɗi kishiyar abin da kake nufi, muryarka ta tona ka. Yarinya ta fasa tulu, uwa ta ce, "Madalla, sannu da aiki, ɗauko ɗayan ma ki fasa." Daga babba yake sauka zuwa ƙarami. Yaro ya yi wa uwarsa gatse, ya fita daga tarbiyya. Baƙar magana amsa ce ga tambayar da ba ta da amfani. An same ki bakin rijiya da guga a hannu ana tambayar ko ruwa kike ja, ki ce a'a, zinariya kike haƙa. Zambo aikin makaɗan fada ne tun asali. In sun gama wasa sarki sai su juya kan masu hamayya da shi, su zana mutum da munanan kamanni, tafiyarsa ko rowarsa ko ƙaton cikinsa, har jama'a su gane shi ko ba a kama suna ba. Zambo yana son a yi dariya, yana son a nuna da yatsa.

Habaici daban yake da su duka, kuma shi na fi so a tsaya a kansa, don na zauna gidan yawa na ga aikinsa. Mace tana daka, tana waƙa a kan kazar da take ci a gidan nan ta je ta yi ƙwai a gidan maƙwabta. Ba ta dubi kowa ba, ba ta kira kowa ba. Wadda ake nufi tana ɗaki tana ji, ta kuma gane, don wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Yanzu zaɓi ya rage gare ta. Tana iya gyara halinta a ɓoye ba tare da an kunyata ta a gaban kowa ba. Tana iya mayar da nata habaicin gobe a bakin murhu. In kuwa ta fito ta ce da ni kike, ta kama kanta, don mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Mutane da yawa suna ɗaukar habaici halin banza ne na kishiyoyi. Ni ban yarda ba. A gidan da mata huɗu da ƴaƴa ashirin suke shan ruwan randa ɗaya, kuma babu mai iya tashi ya bar wa wani, dole a sami hanyar faɗin ɓacin rai wadda ba za ta rushe gidan ba. Zagi yana rufe ƙofa. Habaici yana barin ta a sakaye, mai laifi ya fita da mutuncinsa. Na san yana da dafi in ya yi yawa, na ga wadda gugar zana ta rame da ita. Amma wannan laifin mai riƙe da wuƙa ne.

Yanzu ƴanmata sun ɗauke habaici daga bakin turmi sun kai shi kan salula, kowa tana liƙa nata a WhatsApp da Facebook. Sai dai sun ɗauki rabin abin sun bar rabi. A tsakar gida mutum biyar ne suke ji, kuma magana tana bin iska. A salula mutum ɗari uku ne suke gani, goma a cikinsu kowacce ta ɗauka da ita ake, ana kuma ɗaukar hoton rubutun a ajiye. Da an zauna da su an nuna musu dalilin da ya sa kakanninsu suke sakaya suna, da sun gane cewa inda babu sutura habaici ya tashi daga habaici, ya koma tallan faɗa.

Haka wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, wanda mu a Damagaram muke cikinsa tsundum saboda tushen sarautarmu daga Barno yake. Baƙo ya ji Babarbare da Bafillace suna kiran juna bawa a kasuwa, sai ya zaci yanzu za a zare wuƙa, alhali zumunci suke sabuntawa. Hukumar UNESCO ta sa wannan barkwanci na Nijar cikin kayan gadon duniya a 2014. Fatar maganar zagi, cikinta amana. Wane suna cikin sha ɗayan zai ɗauke shi?

Akwai kuma amsa-kama, wadda ban taɓa samun yadda zan mayar da ita Faransanci ba duk shekarun da na yi a aji. Fari fat, ja wur, baƙi ƙirin, kore shar. Randa ta cika fal, gari ya yi tsit, ya miƙe zumbur, tana tafe tinƙis-tinƙis da tulu a ka. Kalma ɗaya ta ba ka launi da nauyi da motsi. Ga wasa da kalmomi masu kama, wanda zaure yake kira jinasi. Mahaifiyata in tana ba da labarin yunwar 1984 takan ce, shekarar fari, gari babu gari. A rubuce kalma ɗaya ce sau biyu, a baki kuwa tsawon wasali ya raba garin zama da garin tuwo. Yaran da ke tseren faɗin ƙato da ƙwaɗo da ƙoto a dandali, karangiya suke yi, ita ce Bafaranshe yake kira aliterasiyon.

Na bar sakaya a ƙarshe don ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, kuma ba da sauƙi nake rubuta wannan ba. Mu ba ma kiran abu mai nauyi da sunansa tsirara. Mutum ya rasu, ko ya riga mu gidan gaskiya. Mace tana da juna biyu, sannan ta sauka. Da dare maciji igiyar ƙasa ne. Na yi shekara 41 da maigidana ban taɓa kama sunansa ba, Malam nake cewa. Ɗana na fari ma ba na kiran sunansa, ba na kuma sakin fuska da shi, haka aka tarbiyyantar da mu. Tare da sakaya akwai rage magana, abin da kaye ya kira litot. Abinci ya yi daɗi sosai, a ce ba laifi. Majinyaci yana kan gargara, a tambayi jiki, a ce da sauƙi.

Shekara shida ke nan da ciwon Malam ya tsananta. Ɗan farin nan nawa yana aiki a Yamai, can ya yi lise, can ya yi jami'a, can ya yi aure, yawancin yininsa da Faransanci yake yinsa. Da na ga yadda numfashin Malam ya koma, na ɗauki salula da hannuna na kira shi, abin da ban saba yi ba, kullum ƙannensa nake sawa. Bayan mun gaisa na ce, "Jikin Malam ya ɗan matsa. In ka sami sarari ka leƙo." Ya ce, "To Inna, Allah ya ƙara sauƙi, ƙarshen wata in sha Allahu ina tafe." Na ce Allah ya kai mu. Na ajiye.

Duk wata tsohuwa a Birni da za ta ji wannan kira ta san abin da na faɗa. Uwa ta kira ɗan fari da kanta, ta ambaci jikin mahaifinsa, ta ce ya leƙo. Ma'anarsa ka bar abin da ke hannunka ka nufi tasha yanzu. Shi kuwa ya ji "ɗan", ya ji "in ka sami sarari", ya auna su da ma'aunin ofis. Kwana uku bayan nan Malam ya cika da asuba. Tsakanin Yamai da Zinder kusan kilomita 900 ne, ko da motarsu ta iso an daɗe da dawowa daga maƙabarta. Ya durƙusa a ƙofar ɗakina yana kuka yana cewa, "Inna, me ya hana ki gaya mini?" Na ce ai na gaya maka. Dukanmu gaskiya muka faɗa.

Ban ɗora masa laifi ba, kuma har gobe ina tuhumar kaina. Da na karya al'ada na minti ɗaya na ce mahaifinka yana mutuwa, da ya same shi da rai. Amma tuhumar da ta fi wannan nauyi ita ce ta malamar makaranta. Na yi shekara 34 ina gyara wa ƴaƴan mutane Faransanci, ina murna ɗana ya fi kowa iya shi, ban taɓa zaunar da shi na ce ga yadda mutanenka suke magana in abu ya yi tsanani ba. Na ɗauka tunda da Hausa ya buɗe baki, kunnen zai zo da kansa. Ashe kunne ma sai an koya masa. Da jikata, ƴarsa ta cikinsa, ta ce mini babu wannan a Hausa, muryar ubanta na ji a ƙofar ɗakina.

Saboda haka ga roƙona. Ga ƴan'uwana malamai, musamman na Faransanci a kwaleji da lise, ba na cewa a bar sunayen da jarrabawa take tambaya, yaranmu suna bukatar su ci BEPC da bak, jarrabawar ƙarshen lise. Ina cewa a juya tsarin darasin. Kafin a rubuta metafor a allo, a tambayi aji me ake nufi da ƙarya fure take ba ta ƴaƴa, ko magana zarar bunu. A bar su su yi gardama, su kawo na gidajensu, mai jin Barbarci ko Fillanci ko Buzanci shi ma ya kawo nasa. In abin ya zauna, sai a ce to wannan da kuka riga kuka sani, ga sunansa da Hausa, ga shi da Faransanci. Minti goma ya isa. Ga masu tsara manhaja kuma, a nan Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko a ƙasar nan da ake fara koyar da yara da Hausa kafin Faransanci, a 1973. A watan Maris na 2025 kundin da hukumomin ƙasa suka fitar ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Na yi farin ciki da wannan har cikin raina. Amma in littattafan da za a buga fassarar jerin Faransanci ne kawai aka yi wa rigar Hausa, habaici da zambo da gatse da kirari za su sake kwana a waje. A nemi makaɗa da sanƙirori da tsofaffin mata da malaman zaure a zauna da su tun suna raye. Jami'ar garin nan tana da ɗalibai da za su iya wannan aiki da salular da ke aljihunsu.

Kai kuma, Malam Edita, ina roƙon ka ware ɗan gurbi a jaridar nan, ko rabin shafi ne a mako, inda mai karatu zai aiko da magana ɗaya da ya ji a kasuwa ko a tasha ko a gidan biki, a warware ta, a faɗi irin adon da ke cikinta. Na Maraɗi ya aiko, na Tawa ya aiko, na Kano da Katsina su aiko, mu ga inda muka haɗu da inda muka rabu.

Mu nan mun riga mun fara. Na saya wa jikata sabon kaye, ta raba kowane shafi biyu, dama abin da ta ji, hagu sunansa. Cikin mako uku ta tara magana 63, yawancinsu daga bakin mai waina ta ƙofar gidanmu da direbobin kabu-kabu. Duka mun sama musu gurbi ban da ɗaya. Ta raka ni kasuwar Dole sayen atamfa, na taya jaka bakwai, mai kanti ya ce, "Albarka." Na ƙara, ya sake cewa albarka. Da muka fito ta ce, "Kaka, addu'a ya yi miki, amma a'a yake nufi. Wannan mene ne sunansa?" Na ce gatse ne, ta ce ai babu zafi a muryarsa. Na ce habaici, ta ce ai da ke yake kai tsaye. Na ce sakaya ce, ta ce ta yarda akwai sakaya, amma sakaya rufe abu take yi, shi kuwa wannan ya ƙi tayin ne ya kuma ba ki kyauta a kai. Na rasa amsa, gefen hagu na shafin har yanzu fari fat yake. In cikin masu karatunka akwai malamin Hausa ko na balaga da ya san sunan da ya dace da shi, don Allah ya rubuto ta jaridar nan, yarinyar tana jira.

Wassalam.

Taku,
Tsohuwar malamar firamare,
Unguwar Birni, Zinder.